Fentin Ɗakin Mai Keke

Akwai wata tela da abokan hirarta na waya ke kira Mai Keke. Idan kika kawo mata yadi, kallo ɗaya za ta yi ta gaya miki zaren da zai hau. Amma jama'a, matar nan ba ta iya zaɓa wa kanta ko ɗankwali.

Tsohon mijinta ne ya mayar da ita haka. Irin mutanen nan ne da ba sa ganin kowa sai kansu. A waje fara'a har kunne, a gida kuwa komai ta taɓa kuskure ne. Ta sayi labule, ya ce ba ta da ido. Ta yi shiru, ya ce tana fushi. Har ta kai ba ta yarda da abin da idonta ya gani sai ya tabbatar mata.

Bayan sun rabu ta kama ɗan ɗaki a bayan shagonta. Ƙanwarta ce ta saka ta a wani zaure na waya, inda waɗanda suka sha irin wannan zama ke taruwa suna ƙarfafa wa juna gwiwa. Mai kula da zauren wata malamar makaranta ce da ta yi ritaya, kowa Anti Babba yake ce mata.

Wata safiya Mai Keke ta je sayen fenti. Mai shagon ya baje mata launuka, ta tsaya tana kallo har gumi ya karyo mata. Sai ta ɗauki hoto ta tura zaure.

"Ku yi haƙuri, don Allah ku zaɓa min."

Anti Babba ta amsa da murya: "Ƙanwata, a zauren nan ba ma zaɓa wa kowa komai. Amma muna nan tare da ke, ko za ki wuni a shagon."

Wallahi abin ya yi mata ciwo. Launi ɗaya tal ta roƙa, a hana ta?

Tana tsaye sai ga saƙon tsohon mijin, wanda ya ji labarin ɗakin a bakin dangi. "Na ji za ki yi fenti. Kar ki ɓata wuri, kin san ba ki iya ba. Zan shigo da yamma in duba miki."

Abin haushi, sai ta ji wani sauƙi ya sauko mata. Ga wanda zai ɗauke mata nauyin. Ta rubuta "To", yatsanta na kan turawa. Ta kuma san sarai idan ya shigo ɗakin nan yau, gobe shi zai zaɓi labule, jibi ya zaɓa mata waɗanda za ta gaisa da su.

Maimakon ta tura, ta koma zaure ta faɗa musu gaskiya, har da sauƙin da ta ji.

Babu wanda ya yi mata faɗa. Wani direba, sarkin barkwancin zauren, wanda yayansa ya juya shi shekara da shekaru, shi ya fara turo hoton ɗakinsa. Kore shar, kamar ɗakin allura.

"Yaya, duba nan. Ni na zaɓa da kaina. Ya yi muni, kuma barci nake har da minshari."

Sai hotuna suka fara zubowa. Wata ta turo kujera mai furanni manya-manya, wata takalmi ja da ko ƙafarta bai kama ba. Mai Keke ta tuntsire da dariya a tsakiyar shago, hawaye na zuba.

Anti Babba ta ce, "Tambaya ɗaya. Wane launi idonki ya fara sauka a kai kafin ki tuna da tsohon mijinki?"

Ta goge "To" ɗin. Ta nuna wa mai shago ruwan lemo.

"Baiwar Allah, wannan da haske fa."

"Shi nake so," ta ce.

Ita da ƙanwarta suka wuni suna shafawa. Da yamma sai ga tsohon mijin ya zo duk da ba a amsa masa ba, ya leƙo daga bakin ƙofa ya yamutsa fuska.

"Wannan wane irin shirme ne?"

Ta kalli bangon. Gaskiya dai ya yi haske da yawa.

"Nawa ne," ta ce, ta tura ƙofar da hannunta mai fenti ta sa sakata.

Ta zauna a ƙasa ta tura hoton bangon zaure. Direba ne ya fara amsawa:

"Kai! Yaya, wallahi ya fi nawa muni. Barka da shiga gida."

Darasi: Wanda aka daɗe ana danne shi ba sabon mai juya shi yake buƙata ba, masu tsayawa kusa da shi yake buƙata har ya sake yarda da kansa. Idan kana son mutum, ka yi haƙuri ka bar shi ya zaɓa, ko da zaɓin bai yi maka ba. Ku tura wa 'yan'uwa, wataƙila akwai wadda yatsanta ke kan "To" yanzu haka.