Motar da ba a kuskure wa baki ba

Akwai wani tsohon direba da duk tasha ke kira Baba Kasko, saboda motarsa ba ta wucewa sai an ji ƙamshin suya. Tsohuwar akori-kura ce mai injin dizal, amma ba dizal take sha ba. Tsohon man suya yake bin gidajen abinci yana karɓa a jarkoki, ya tace shi da ƙyalle har ya yi garau, ya ɗura mata.

Tanki biyu ya yi mata, ƙarami na dizal, babba na man suya, da wani ɗan famfo a ƙarƙashin sitiyari. Da dizal ake tayar da ita, in ta yi zafi a murɗa famfon ta koma kan man suya. Kafin a kashe ta kuwa, dole a mayar da ita kan dizal ta ɗan yi aiki, don ya kore man suyan daga bututu. In ba haka ba, da ta huce man zai yi kauri, ba za ta tashi ba. Wannan shi Baba yake kira kuskure mata baki.

"Ko kai ka ci maiƙo ai ka kuskure baki kafin ka kwanta," haka yake faɗa wa autansa.

Autan nan a cikin motar ya girma. Shi ke murɗa famfon tun hannunsa bai kai sitiyari ba. Motar ce ta kai shi makaranta, ita ta ciyar da shi har ya gama. Amma a makarantar aka laƙaba masa Ɗan Kasko, kuma sunan bai taɓa daina yi masa ciwo ba.

Allah ya ɗaga shi, ya zama manaja a wani kamfani. Ya gina gida can bayan gari, inda maƙwabta ba su kai ga tarewa ba. Ya sayi turare iri-iri, kamar mai tsoron har yanzu ana jin suya a jikinsa.

Ranar da ya gayyaci shugabansa da abokan aiki su ga sabon gida, bai gaya wa mahaifinsa ba. Matarsa ce ta faɗa wa tsohon, da zuciya ɗaya. Baba kuwa yana fama da hawan jini, likita ma ya hana shi doguwar tuƙi, amma ya ce gidan autansa ba doguwar tafiya ba ce.

Ana zaune a tsakar gida ana hira sai ga akori-kura tana ƙugi. Ƙamshin suya ya riga ta shigowa. Wani daga cikin baƙin ya ɗaga hanci ya ce, "Manaja, ashe da sauran abinci a hanya?" Aka kwashe da dariya.

Manaja ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Ya nufi motar da sauri.

"Baba, kashe ta."

"To Auta, bari in kuskure mata baki tukuna."

"Ka kashe ta na ce. Mutane na kallo."

Baba ya kai hannu zai murɗa famfon. Manaja ya zura hannu ta taga ya kashe motar, ya zare makullin ya jefa a aljihu. Kada ku ce bai sani ba. Duk duniya in ka cire Baba, babu wanda ya san dokar motar nan kamarsa.

Ta ƙofar baya aka shigar da tsohon, a can aka kai masa abinci. Manaja ya zo wucewa, Baba ya riƙo hannun rigarsa.

"Auta, makullin nan, kafin ta huce."

"Sai baƙi sun tafi, Baba."

Baƙi suka yi ta hira har yamma. Hadari ya haɗo, aka tsuge da ruwa. Manaja ya ba direban kamfani tasa motar, ya sa ya kwashe su ya kai su gida, ya ce ya dawo da ita gobe. Baba ya gaji da jira, barci ya ɗauke shi a kan kujera. Manaja ya ji makullin a aljihu lokacin da yake tuɓe riga, ya ce a ransa gobe ma rana ce.

Gari ya waye da sanyin ruwan sama. Ihun matarsa ne ya fito da shi. Baba na kwance a ƙasa, baki ya karkace, hannu ɗaya ba ya motsi, amma yana numfashi, idonsa a buɗe.

Suka kinkime shi zuwa cikin akori-kura. Manaja ya murɗa makulli, inji ya yi gurnani ya yi shiru. Ya sake murɗawa. Ya mayar da famfon kan dizal, alhali ya san bututun cike suke da man da ya yi kauri. Ya yi ta murɗawa har batir ya fara kasawa.

Matar ta kira direban kamfani, ya ce ruwa ya cinye hanya, sai ya zagayo. Ta ruga titi, babu ko keke.

Manaja ya juya ya kalli mahaifinsa. Tsohon ba motar yake kallo ba, shi yake kallo. Babu faɗa a idon nan, babu zargi, kuma wannan ne ya fi komai ƙona shi.

"Baba, ka yafe min. Yanzu za ta tashi."

Lokacin da direban ya iso, Baba ya riga ya cika.

Bayan kwanaki, wani tsohon abokin Baba daga tasha ya zo ɗauke motar. Tana tsaye a inda aka bar ta, rana ta gasa ta tun safe, man ya saki. Ya sa mata batir, ya murɗa makulli, ta yi tari ta tashi. Ƙamshin suya ya cika tsakar gidan, ya shiga har ɗakuna.

Manaja ya ce, "Kawu, dakata."

Ya zura hannu ƙarƙashin sitiyari ya taɓa famfon, ya tsaya a wurin yana kuka kamar ƙaramin yaro. Abin da Baba ya roƙa bai fi a bar shi ya murɗa ɗan ƙarfen nan ba.

Darasi: Kada ka ji kunyar sana'ar da ta raine ka, kuma kada dariyar baƙi ta sa ka wulaƙanta iyayenka. Baƙi za su yi dariyarsu su tafi gida, kai za a bari da abin da hannunka ya aikata. In naka suna raye, saurare su yau. Ka tura wannan labari ga wani, wataƙila har yanzu makullin yana aljihunsa.