Sashe na Arba'in da Tafkin Maikada

Ku gyara zama, yau gardama na kawo muku.

A wata ƙasa aka tara manya su rubuta tsarin mulki, wai don talaka. Ƙarya suke yi! Rabinsu masu gonakin rake ne, ruwa suke nema ido rufe. Sai suka cusa sashe na arba'in: duk ruwan da ba shi da takardar mallaka ya zama na gwamnati, ta ba wanda ta ga dama. To, tafkin garin Maikada ba shi da takarda, don na kowa ne. Sau ɗaya a shekara ake buɗe shi a yi su, wato kamun kifi, gari ya ci kifi har damina.

Tabawa 'yar garin ce, ita ke buga wa kwamitin takardu. Shugaban kwamitin ya ce ta buga sashen ta ja bakinta. Ta ce, "Yallaɓai, da kifin tafkin nan aka raine ni. Wallahi ba zan buga ba." Aka kore ta, ta hau mota ta kai labari gida.

Korau shi ne sarkin ruwa, talaka futuk, rigarsa ɗaya. Manyan suka aiko masa cewa za a rubuta tafkin da sunansa, ya riƙa sayar musu da ruwa. Ya ce, "Ku gaya musu gadi aka ba ni, ba gado ba." Ya kwashi masunta da gorunansu, suka tare ƙofar majalisa kwana tara, ga rana ga kulki, ba wanda ya gusa.

Mantau kuwa wakilin yankin ne, kuma ba zan rufa masa asiri ba: yana da gonar rake, da bakinsa aka kawo sashen. Ranar ƙuri'a aka yi kunnen doki, saura shi kaɗai. Ya leƙa taga ya ga mutanen garinsu, kunya ta kama shi, ya miƙe ya ce, "Ban yarda ba!" Sashen ya faɗi. Abokan kasuwancinsa suka juya masa baya, gonarsa ta bushe.

Da lokacin su ya zo, aka kamo ƙaton giwan ruwa. A al'adar Maikada, kifin farko na wanda ya fi yi wa gari hidima ne, kuma ba a raba shi. Ga shi nan a ƙasa yana numfashi, ga mutum uku a tsaye.

To, ku da kuka iya baki, wa za a miƙa wa kifin nan?