Kwikwiyon da Ya Ƙi Ci a Gindin Rumbu

A wani ƙauye da ke gindin dutse, an yi wani manomi wanda tsohon karensa ya mutu. Bayan girbi sai ƙanwarsa ta kawo masa ɗan kwikwiyo a cikin kwando, ja mai farin wuya, bai daɗe da barin nono ba. Manomin ya yi murna ƙwarai. Ya shimfiɗa masa buhu a inuwar rumbu, ya ajiye masa kasko.

Ran farko kwikwiyon ya sha kunu har ya ƙoshi. Kashegari aka iske idonsa na hagu ya kumbura yana zubar da ruwa, jikinsa kuwa sai rawa yake yi. Daga ranar bai ƙara sa baki a kasko ba.

Manomin ya wanke idon da ruwan ɗumi. Ya dama masa koko, ya ƙi. Matarsa Rahila ta dafa romo, ya ƙi. Ya tsoma yatsa a nono ya shafa masa a baki, nonon ya gangaro ƙasa. Kwikwiyon ba ya haushi, ba ya kuka. Ido ɗayan nan da ya rage masa ya kafa shi a kan duhun ƙarƙashin rumbu, yana wani nishi can cikin maƙogwaro kamar na tsoho. In an juya shi, ya juyo. In an kai shi ɗaki, ya fuskanci bangon da ke wajen rumbun.

A rana ta uku manomin ya lura gidansa ya sauya. Kaji sun koma kiwo gidan maƙwabta. Ƙadangaru sun bar katanga. Ɓerayen da suka dame shi duk shekara sun yi tsit. Da tsakar rana gidan ya yi shiru har yana jin numfashinsa.

Wani tsohon maƙwabcinsa, Baba Dogara, ya leƙo, ya daɗe yana duban kwikwiyon. Ya ce, "Ɗana, wannan kare yana ganin abin da mu ba ma gani. Kai shi bayan dutse ka bar shi, tun abin bai juyo kan mutane ba."

Rahila ta ce, "Maigida, ni ma in na zo ɗiban dawa tsigar jikina tashi take yi. Ka fitar mana da shi."

Manomin ya naɗe kwikwiyon a riga, ya rataya goran kununsa na gona, ya tafi bayan dutse. Ya ajiye kwikwiyon, ya juya, ya yi taku biyar. Da ya waiwaya, sai ya ga ɗan abin nan yana jan ciki yana bin sawunsa. Ya dawo ya durƙusa, ya zuba kunu a tafin hannunsa, ya ce, "Ko ka lasa sau ɗaya." Kwikwiyon ya sunsuna, ya lasa, ya shanye. Tafi uku ya sha.

Ya ɗauko shi ya nufo gida da farin ciki. Amma suna isa ƙofa, kwikwiyon ya sandare, ya cusa kai a hammatarsa. Manomin ya tsaya cik. Ya dubi rumbun, ya ce a ransa, "Ashe abin yana gidana."

Ya kira maƙwabta da sanduna. Suka cusa busasshiyar ciyawa a ƙarƙashin rumbu, suka yi hayaƙi. An daɗe ba a ji komai ba. Can sai wata ƙara kamar ana jan igiya a kan ganye, ga baƙar gamsheƙa ta fito, tsawonta ya fi na mutum, ta fasa kai. Suka kashe ta. Raminta kuwa yana daidai inda Rahila take tsayawa kowace safiya. Ita ce ta tofa wa kwikwiyon dafi a ido.

Idon bai warke ba, amma kwikwiyon ya rayu, ya girma, ya yi shekaru yana tsaron gidan.

To, 'yan'uwa, ga ma'anar wannan misali. Kwikwiyon nan shi ne sabon mai bi, ko ƙaramin yaro a cikin bangaskiya. Abincin kuwa Maganar Allah ce. Sabon mai bi yakan zo da yunwarta, bayan kwana biyu mu ga ya yi sanyi, ya daina zuwa, ya daina tambaya. Mu kuma nan da nan sai mu ce, "Da ma ba da gaske ya tuba ba," mu yar da shi.

Macijin nan shi ne zunubin da ya yi rami a cikinmu har muka saba da shi: gulmar da muke yi bayan sujada, gabar da muka riƙe shekara da shekaru. Mu mun daina gani, amma baƙon da ya shigo jiya ya gani, har dafin ya taɓa shi.

Saboda haka in rarrauna ya ƙi ci a cikinku, kada ku kai shi bayan dutse. Ku durƙusa ku ba shi a tafin hannu. Sa'an nan ku koma gida, ku leƙa ƙarƙashin rumbunku.