Mai Kisa Ba Ya Cin Gado

An ce wai alƙalai masu hikima sun tafi da mutanen da. Ni dai na ga ɗaya, a lokacin da na so ƙasa ta tsage in shige.

Ina tankaɗe maƙwabciyata ta shigo, ta ce, "Inna, an kama mai kashe 'yan acaba." Na ce alhamdu lillahi. Sai ta kasa kallona. Ashe ɗana ne, ɗan fari, wanda ban taɓa faɗin sunansa ba don alkunya. Yakan hau acaba zuwa daji, ya dawo da babur shi kaɗai. Haka ya yi ta yi, ina tuƙa masa tuwo.

Bayan an yanke masa hukunci, wani mai shirya fim, Nafi'u, ya bi shi gidan yari ya karɓi labarin daga bakinsa. Aka samo kyakkyawan saurayi da zai fito a matsayinsa. Hansai, matar ɗaya daga cikin mamatan, ta kai ƙarar Nafi'u gaban alƙali. Aka kira ni, don a tsakar gidana ake son ɗauka. Na zauna can baya, na ja mayafi.

Nafi'u ya ce, "Allah ya gafarta Malam, faɗakarwa ce. Kuma mai labarin ne ya ba ni."

Hansai ta ce, "Faɗakarwa? A riƙa yanka uban 'ya'yana, mutane suna kallo suna cin gyaɗa?"

Alƙali Malam Jibrin ya juya ga Nafi'u. Ya ce, "Faɗakarwa alheri ce, ban hana ba. Amma an ba ka abin da ba na mai bayarwa ba. Bayin Allahn nan an raba su da rai, an raba su da abin hawa. Abin da suka bari shi ne labarinsu. A shari'a kuwa, wanda ya kashe ba ya gadon wanda ya kashe. Je ka wurin magada gida-gida, ka yi ta'aziyya, ka roƙa. Abin da suka ba ka, shi za ka ɗauka."

Nafi'u ya je. Kowane gida suka ba shi yadda mamacinsu ya rayu, ba wanda ya ba shi yadda ya mutu. Da fim ya fito, ko inuwar ɗana babu a ciki. Wannan ce kaɗai suturar da na samu.

Hawayen mutum nasa ne, ba a kai su kasuwa sai da yardarsa. Ni kuwa har yau da asuba nake zuwa rijiya, kafin mata su fito, don kada wata ta rasa yadda za ta gaishe ni.