Istiharar Ƙarya

An yi wani mutum a ƙasar nan tamu ta Dakoro, zamanin kakannin kakanninmu, tun Nasara bai tako ba. Ba zan faɗi sunansa ba, don zuriyarsa tana nan kuma ba su da laifi. Malami ne a wani ƙauye arewa da Birnin Lalle. Shekara talatin yana limanci, yana karantarwa. Ba a taɓa jin ya ci dukiyar maraya ba, ba a taɓa kama shi da ƙarya ba. Duk wanda ya gan shi a kan buzunsa yana jan tasbaha zai ce wannan ya gama da duniya lafiya.

Yana da ƙane da ya rasu ya bar mata, Fadimata, da ɗa guda, Harisu. Malam ya ɗauko su ya kafa musu ɗaki a cikin gidansa. Shi ya fara rubuta wa Harisu allo, shi ya yanka masa rago ranar sauka, shi ya ɗora shi a kan littattafan fiƙihu. Allah kuwa ya ba yaron kai. Kafin ya cika shekara ashirin da huɗu ya ƙare duk abin da ke cikin gafakar Malam, har yana aron littattafai wurin malaman da ke biyo ayarin gishiri, yana kwafewa kafin su tashi.

Da farko Malam murna yake yi. In an yabi Harisu sai ya ce, "Ai ɗana ne." Amma ya 'yan uwa, akwai irin murnar da ba ta rayuwa sai in yaro yana ƙasanka.

Wata ranar kasuwa a Birnin Lalle, wasu makiyaya suka tare Malam a gindin gawo da tambaya. Wani nasu ya mutu ya bar 'ya mace guda da ƙanwarsa uwa ɗaya uba ɗaya, ga shanu. Malam ya ce 'yar ta ɗauki rabi, ƙanwar ba ta da kome. Harisu yana tsugune a bayansa. Ya matso kamar zai gyara masa takalmi, ya raɗa masa cewa sauran rabin na ƙanwar ne. Malam ya yi gyaran murya ya ce harshensa ne ya zame, ya faɗi daidai. Ba wanda ya lura sai shugaban makiyayan, wani dattijo ana ce masa Ardo Jimrau.

Harisu ya rufa wa baban nasa asiri. Shi kuwa Malam, ko godiya bai yi masa ba. Abin da ke cin sa a rai ɗaya ne: yaron da ya koya wa riƙon alƙalami, yau shi ke gyara masa magana.

Bayan girbi sai ga Ardo Jimrau a ƙofar gida da tunkiya a igiya. Ya ce mutanensa sun haƙa rijiya a arewa, wajen kwarin Tarka, sun fara zama a can rani da damina. Ba su da mai ja musu salla, ba su da mai ɗaura aure, in an yi mutuwa sai sun yi tafiyar kwana huɗu neman mai rabon gado. Za su gina wa malami ɗaki da masallaci, su ba shi saniyar tatsa da gona.

Malam yana jin haka zuciyarsa ta yi fari, don ya ɗauka shi ake nema. Har ya fara shirya yadda zai ɗan ja aji kafin ya amsa. Sai Ardo ya ce, "Allah gafarta Malam, ɗan nan naka muka zo roƙo, Harisu."

Malam ya yi murmushi, ya ce a ba shi kwana uku.

Maganar ta shiga cikin gida. Harisu yana son tafiya, bai ɓoye ba. Ya ce wa uwarsa, "Inna, karatun da ba a aiki da shi nauyi ne. Nan garin akwai Baba, can kuwa mutane na binne gawa ba salla. Kwana huɗu ne, duk kaka zan zo in gan ki." Fadimata ta ce, "Kai kaɗai gare ni. Wa zai nome min gayauna? In na kwanta ciwo wa zan aika?" Ta yi kuka, ta share hawaye, sannan ta ce ba za ta tare masa arziki ba in alheri ne. Harisu ya ce ko taku ɗaya ba zai yi ba sai da yardarta. A ƙarshe suka tsaya a kan shawara guda: Malam ya yi istihara, abin da Allah ya nuna masa shi za a bi.

Kun ga amana? Uwa da ɗa sun ɗauki rayuwarsu sun sa a tafin hannun mutum.

Malam bai yi istihara ba. Tsoro yake kada Allah ya nuna masa alheri. Kwana ukun nan ya yi su yana hango Harisu da rawani, makiyaya na durƙusa masa, ana cewa malamin Tarka ya fi wanda ya koyar da shi. Ya riƙa ce wa ransa, shekara talatin ina nan, wa ya taɓa ɗauko tunkiya ya zo nemana? Abinci ya daina yi masa daɗi.

Ran na uku da hantsi ya kira Fadimata zaure. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Na duba. Na ga rami a bakin rijiya, na ga ana saka mutum da farin ƙyalle. Ban ga fuskarsa ba, amma na ga gafakar Harisu a gefe." Fadimata ta dafe ƙirji. Ta koma ciki ta ce wa ɗanta, "Ban yarda ba, kuma kada ka sake tayar min da zancen." Harisu ya ce, "To, Inna." Ya ɗauki gatarinsa ya tafi daji.

Ƙarya ba ta tafiya ita kaɗai. Da Ardo ya dawo jin amsa, Malam ya ja shi gefe ya ce, "Asiri zan faɗa maka. Yaron yana da karatu, amma yana da iska. In ta motsa ba ya sanin inda yake. Ba na so in cuce ku." Ardo ya yi salati. Malam ya ce, "Amma tun da kun zo ƙofata, ba za ku koma hannu rabbana ba. Ni zan tafi da kaina." Ardo ya yi godiya, ko da yake ba haka ya so ba.

Haka Malam ya naɗe buzunsa ya hau raƙumi, ya bar wa Harisu makaranta da limanci. A ganinsa ya ƙwace babban rabo, ya bar wa yaron ƙarami.

A Tarka an karɓe shi hannu biyu. An ba shi duk abin da aka alkawarta. Da ya zauna da wannan, da ya ƙare kwanakinsa cikin mutunci. Amma duk matafiyin da ya zo daga kudu, tambayar Malam ta farko ita ce labarin Harisu. Sai a ce masa makarantar ta cika, har daga Kornaka ana zuwa ɗaukar karatu. Ya ce madalla, ya shiga ɗaki ya kasa shan nonon da aka ajiye masa. Ga shi zaune a kan abin da ya yi ƙarya ya samu, amma idonsa yana kan abin da ya bari.

A shekara ta biyu wani mai shanu da yawa ya rasu. Ya bar 'yan uwa maza biyu da matarsa guda, A'ishatu, tana da ciki wata biyar. Aka zo wa Malam rabon gado. Ya buɗe littafi, ya rufe, bai tabbata ba ko a raba yanzu ko a jira haihuwa. Ardo ya ga yana jinkiri, ya ce da zuciya ɗaya, "Ko mu tura mai raƙumi wajen ɗanka, ya duba mana?"

Da Ardo ya san abin da wannan magana za ta haifa, da ya haɗiye ta. Malam ya ji kamar an watsa masa garwashi. Ya ce, "Ni na koyar da shi, ba shi ya koyar da ni ba. Ku koro shanun." A ranar ya raba. Ya ba matar kashi ɗaya cikin huɗu, ya raba saura tsakanin 'yan uwan mamaci. Kowa ya kora nasa ya nufi makiyaya.

Bayan wata huɗu A'ishatu ta haifi ɗa namiji.

Ya 'yan uwa, ko ƙaramin ɗalibi ya san ba a raba gado a kan ciki. Ɗan nan shi ke da shanun, in an cire tumunin uwarsa, wato kashi ɗaya cikin takwas, baffanninsa ba su da ko maraƙi. Wan A'ishatu, wani mutum mai suna Samba, ya je ya ce a mayar wa maraya dukiyarsa. Baffannin suka ce malami ya raba, ba su mayarwa. Aka yi ta kai da komo har rani ya tsananta, kowa ya kawo dabbobinsa rijiya. A nan magana ta zama zagi, zagi ya zama sanda. Kafin a raba su an fasa wa Samba kai. Bai kai la'asar ba.

Malam ne ya yi masa salla. Da aka watse Ardo ya zo masa da raƙumi a ɗaure da kayansa. Ya ce, "Malam, ba za mu taɓa ka ba, don ka ja mu salla shekara biyu. Amma rana ba za ta faɗi kana nan ba. Ni da kaina zan raka ka, kada 'yan uwan Samba su tare ka a hanya."

Suka iso ƙauye ran na huɗu, suka tarar da Harisu a ƙofar gida, manyan mutane kewaye da shi yana fassara musu karatu. Ya tashi da gudu ya riƙe wa baban nasa akala. Ardo ya tsaya yana kallonsa. Fadimata ta fito da ruwa, suka gaisa, sai Ardo ya ce mata, "Sannu, Allah ya ƙara sauƙi. Ashe iskar ta sake shi?"

Ta ce, "Wace iska?"

Ya ce, "Wadda Malam ya ce tana kayar da shi, har ta hana a ba mu shi."

Fadimata ta ajiye ƙwaryar a ƙasa a hankali. Ta juya ta dubi wan mijinta. Ta ce, "Malam, ɗana bai taɓa faɗuwa ba tun da na haife shi. To ramin da ka ce ka gani fa? Ka yi istiharar kuwa?" Duk jama'a suna ji. Malam ya juya ya shige ɗakinsa.

Harisu ya aika wa mutanen Tarka hukunci a rubuce, aka mayar wa maraya abin da ya saura na shanunsa. Samba kam ya tafi, ya bar 'ya'ya uku. Sannan Harisu ya ɗauki buzun limanci ya kai wa Malam har ɗaki. Ya durƙusa ya ce, "Baba, kai ka rene ni. Abin da ya wuce na yafe, duniya da lahira. Ga wurinka." Mutanen gari suka ce su dai ba za su bi Malam salla ba.

Nan ne ƙofar tuba ta buɗe masa, a buɗe ƙwarai. Da ya fito ya ce na yi zalunci, ku yafe min, ya shiga sahu kamar kowa, da mutane sun manta a hankali. Amma yafewar Harisu ta fi masa zagi ciwo. Ya ce a ransa, har ya kai ya yafe min? Aka kira salla, ya ga in ya je masallaci dole ya tsaya a bayan yaron. Ya ƙi fita. Kashegari ma haka. Da kiran salla ya dame shi, ya kwashe kayansa ya koma wata bukka a gona, can nesa da gari. Harisu yana aika masa tuwo, yana mayarwa. In mai wucewa ya tsaya gaishe shi, ba ya tambayar iyalinsa, sai ya ce, "Har yanzu ana taruwa wurin wancan?"

Ya shekara uku a haka, ya rame, idonsa ya dushe. Wata safiya cikin damina masu zuwa noma suka leƙa bukkar suka tarar rai ya yi halinsa. Aka wanke shi, aka ɗauko shi a makara zuwa ƙofar masallaci. Shekara uku ya ƙi tsayawa a bayan Harisu. Ran nan aka shimfiɗe shi a gabansa, Harisu ya ɗaga hannu ya yi kabbara yana hawaye.

Ya 'yan uwa, me wannan mutum ya rasa? Yana da ilimi, yana da gida, yana da ɗa mai biyayya wanda duk harafin da ya koyar ladansa na komawa ga wanda ya fara rubuta masa allo. Hassada ta sa ya ga ribarsa a matsayin asara. Ta sa ya yi wa Allah ƙarya, ya tsorata uwa da mutuwar ɗanta, ya yi wa mai lafiya ƙazafin hauka, ya yi hukunci da jahilci har jini ya zuba.

Ku iyaye da malamai da 'ya'yanku ke zuwa neman shawara, in tafi ko in zauna: kafin ka buɗe baki, tambayi zuciyarka don wa za ka yi magana. In tsoro kake ji masa, faɗa masa tsoro ne. In kewarsa za ka yi, faɗa masa kewa ce. In kuwa ka ji wani abu na suka a ƙirjinka don an nemi shi ba a neme ka ba, to kama bakinka, ka tura shi wurin wani.

Allah ya wanke zukatanmu daga hassada. Allah ya sa mu ga 'ya'yanmu sun wuce mu, mu yi hamdala. Allah ya ba mu ikon tuba tun muna iya tsayawa a sahu da ƙafafunmu. Allah ya kiyaye mu, ya kiyaye zuriyarmu. Amin.