Shafin da Ya Cinye Mutuncin Malam Datti

Akwai wani dattijo a Rafin Guza ana ce masa Malam Datti, tsohon malamin tarihi. Ya yi ritaya, idonsa ya fara ja da baya, kuma likita ya gaya masa gaskiya cewa ganin tafiya zai yi. Burinsa ɗaya ne: ya gama rubuta tarihin unguwannin Kaduna kafin duhu ya rufe shi.

Tsofaffin ɗalibansa suka yi alkawarin buga littafin. Duk babin da ya gama, 'yarsa Harira sai ta saka a guruf ɗinsu na WhatsApp su karanta.

Da yake littafin takarda ya gagare shi, Harira ta sauke masa littattafai a waya, ta ƙara girman rubutun har 'yan kalmomi ke cika fuskar wayar. Da haka yake bincikensa. In ya ɗauko magana, sai ya rubuta lambar shafin da ya gani a ƙasa, kamar yadda ya saba tun zamanin alli.

To, a guruf ɗin akwai Sharhabil, ma'aikacin gwamnati a Unguwar Rimi. Digirinsa biyu, kuma wallahi ba ya bari kowa ya manta. Irin mutanen nan ne da ba sa karanta rubutu don su ƙaru, sai don su kama kuskure.

Wata rana Malam ya kawo wata magana a kan zuwan ma'aikatan jirgin ƙasa, ya ce tana shafi na 487 na wani littafi. Sharhabil ya buɗe littafin a kwamfutar ofis, ya ga a shafi na 230 ya ƙare. Maimakon ya kira malaminsa a gefe, sai ya ɗauki hoto ya watsa a guruf.

Ya rubuta: "Jama'a, littafin nan a 230 ya tsaya. Ko Malam ya taya marubucin ƙarasawa ne? In an ƙirƙiri wannan, me kuma aka ƙirƙira?"

Malam Datti ya kira shi da kansa.

"Sharhabil ɗana, ka zo gida ka gani da idonka. Ga shi nan a wayata."

"Malam, lamba ba ta ƙarya. Ni da hujja nake aiki, ba da furfura ba."

Wannan fa mutumin da ya koya masa yadda ake kawo hujja yake gaya wa haka.

Harira ta tura hoton shafin, Sharhabil ya ce kowa ma zai iya haɗa irinsa. Abin da ya fi ba ni haushi, a cikin tsofaffin ɗaliban nan, duk da manyan ma'aikata ne, babu ko ɗaya da ya buɗe littafin ya duba. Shugabansu Usman ya ce a dakata da maganar bugawa tukuna. Kun dai san "a dakata" ɗin mutanenmu, kabari ne.

Magana ta fita daga waya ta shiga unguwa. A majalisa wani ya tambayi Malam, cikin raha wai, ko yau shafi nawa ya ƙaro. Ya yi murmushi, ya koma gida, ya miƙa wa Harira wayar ya ce ta ajiye. Ta yi magiya, ya ce, "Bari, 'yata. Wanda aka kira maƙaryaci ba ya rubuta tarihi."

Kwanci tashi, Sharhabil ya buƙaci littafin nan don wani aikin ofis. Yana cikin mota, sai ya buɗe shi a wayarsa. Ya ga shafukan sun haura ɗari uku. Ya ƙara girman rubutu, suka ƙaru. Ya rage, suka ragu. Ashe irin wannan littafin ba shi da tsayayyen shafi, gwargwadon fuskar na'ura da girman rubutu yake lissafi.

Ya lalubi kalmomin da Malam ya kawo. Ga su nan a babi na tara, ko wasali bai canza ba.

Kuna tsammani a ranar ya tafi? Ina! Girman kai ya riƙe shi, yana ta tunanin yadda zai janye magana ba tare da ya ji kunya ba. Sai da damina ta wuce ya taka Rafin Guza.

Harira ta amsa sallamarsa a daƙile, ta nuna masa zaure. Malam na zaune a kan tabarma, ya juya fuska wajen da ya ji motsi.

"Wane ne?"

"Ni ne Sharhabil, Malam. Na ga maganar, tana nan. Ni ne na yi kuskure. Ka yafe mini, zan gaya wa Usman a ci gaba da aikin."

Malam ya ce, "Na yafe maka, ɗana, duniya da lahira. Amma aikin da wane ido? Lokacin da na ce ka zo ka gani, ina gani. Yanzu ko fuskarka ban san yadda ta koma ba."

Sharhabil ya rubuta ban haƙuri a guruf. Mutanen da suka yi ta tsalle ranar zargi, tsit kake ji, sai wani ya turo tallar fili. Littafin Malam yana nan rabi a wayar da Harira ta kulle a durowa.

Darasi: Lambar shafi a littafin waya ba hujja ba ce, tana canzawa daga na'ura zuwa na'ura. In za ka kawo magana, faɗi babi da farkon jimlar. Kafin ka kira mutum maƙaryaci a bainar jama'a, je ka gani, don ban haƙuri ba ya dawo da abin da ya tafi. Ku tura wa masu gaggawar ƙaryata mutane a guruf.