Dogo Mai Katako da Dokar Hana Wake

Akwai wani mai sayar da katako da ake kira Dogo. Mutum ne mai ƙwazo, sai dai yana jin kunyar duk abin da zai tuna masa talauci. Yana saurayi, katako yake ɗauka a kafaɗa tun safe har yamma, ya koma gida ya ci wake da ganye. Da Allah ya buɗa masa ya mallaki shago, sai ya sayi mota da kujera mai laushi, ya cika firji da lemon kwalba. A gida ma ya kafa doka.

"Kada in sake ganin wake a tukunyar gidan nan," ya ce wa matarsa. "Na ci rabona tun ina yaro."

Daga nan sai farin burodi da shayi mai kaurin sukari da safe, farar shinkafa da soye-soye da rana, lemo kuwa ya maye gurbin ruwa. Tumbi ya fito. Idan matar ta yi magana, sai ya shafa cikin ya ce hutu ne.

Ana nan sai ƙishirwa ta addabe shi, ga yawan fitsari, ga kasala. Bai kula ba. Wata rana sartse ya shige shi a ƙafa a cikin shago, ƙaramin ciwo, amma ya ƙi warkewa har ya fara ruwa. Matar ta tsaya kai da fata sai da suka je asibiti.

Likita ta auna jininsa ta ce ciwon sukari ne.

"Ka san ƙofar katako idan ta sha ruwa ta kumbura?" ta tambaye shi.

"Sai an sa kafaɗa take buɗewa."

"To haka jikinka ya zama. Akwai sinadarin da ake kira insulin, shi ke buɗe wa sukari ƙofa ya bar jini ya shiga tsoka. Zaƙi ya yi yawa, ga kitse a ciki, ga zama, ƙofar ta cije. Sukarin ya taru a jini, shi ya hana ƙafar warkewa. Yaranka me suke ci?"

Dogo ya sunkuyar da kai. "Abin da nake ci."

Wannan tambayar ta fi ciwon ƙafar yi masa zafi. Ranar da kansa ya janye dokar. Wake da ganye suka dawo, aka rage shinkafa, lemo ya bar firji. Yaran suka yi ta tura baki, shi ma shayi ba sukari ya yi masa wuya, amma ya daure, ya riƙe maganinsa. Ƙafar ta warke, sukarin ya sauka, likita ta rage masa magani. Ya koma zuwa shago a ƙafa.

Wani maƙwabcinsa ya tsokane shi a hanya: "Dogo, motar ta lalace ne?"

"Motar lafiya lau," in ji shi. "Mai motar ake gyarawa."

Darasi: samun wadata ba dalili ba ne na raina abincin da ya gina jikinka. Yawan zaƙi da zama wuri ɗaya suna gajiyar da jiki a ɓoye, kuma abin da ka zuba a tukunya, kai da 'ya'yanka za ku ci. Wanda ya auna jininsa da wuri, ya gyara cimarsa, ya motsa jiki, bai makara ba.